Ɓoyewa daban, kullewa daban: labarin wata folda a kwamfutata

1/
Jiya wani ɗan ajinmu ya miƙo min kwamfutarsa in kwafi wata takarda, sai na ga hotunan katin NIN na mutane sun fi ashirin zube a fuskarta, har da na matan aure. Na ce masa ya kulle su. Ya ce, "ai na gida ne." Tun jiyan maganar take cina. Bari in ba ku labarin abin da "ai na gida ne" ta jawo min. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri.

2/
Kafin in fara: na nemi izinin mutum biyun da abin ya shafa, sun yarda. Ba zan kira suna ba, kuma akwai abin da zan tsallake da gangan. 'Yan garinmu da suka gane, don Allah ku bar shi a inda kuka gan shi.

3/
Ni ɗan Sule Tankarkar ne, ƙasar Gumel. Kwamfutata HP ce ta hannu. An sayo ta a Kano da kuɗin raguna biyu da Umma ta yi kiwo, Baffa ya kai su kasuwar Maigatari wata Alhamis ya sayar. Na faɗi haka ne don ku gane cewa tun ranar da ta shigo gida ba tawa ba ce ni kaɗai. Kowa yana jin yana da kaso a cikinta, kuma da gaskiyarsu.

4/
Sai ASUU ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022. Muka dawo gida da tunanin wata guda ne. Ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. A cikin wata takwas ɗin nan kwamfutata ta koma ofishin unguwa.

5/
Mai neman aiki ya zo a buga masa takarda. Mai cike fom ya turo hoton NIN da sakamakon jarrabawa. Baffa, da yake harkar dabbobi a Maigatari, ya ce in zuba masa lissafin bashinsa a Excel. Da daddare kuma, in an samu caji, ƙanena da abokansa su kewaye ta suna kallon Indiya mai fassara har sai batir ya mutu.

6/
Asusu ɗaya ne a kanta, babu kalmar sirri. Ka ɗaga murfi, ka danna, ka shiga. Ban taɓa ganin aibin hakan ba. A gidanmu ɗakin samari ko ƙyaure ba shi da shi, labule ne. Wanda ya sa wa akwatinsa kwaɗo ma sai an tambaye shi me yake ɓoyewa.

7/
Wajen watan Yuni Yayata ta zo ganin gida. Bayan isha'i ta kira ni bayan ɗakin Umma. Ta ce akwai takardun gwajin asibiti, nata da na maigidanta, da suka yi a Kano. Ta ɗauki hotunansu a waya, amma wayarta kullum tana hannun yaran gidan da matan 'yan'uwansa. "Ka ajiye min a naka, kai ka san kan abin. Kada kowa ya gani, ko Umma."

8/
Ba zan faɗi abin da ke cikin takardun ba. Iyakar abin da zan ce: maganar ta fi shafar mijin a kan ita. Ita ce take rufa masa asiri, tana shanye gorin dangi a kan abin da ba daga wajenta yake ba. Sun yi shawara tsakaninsu su ci gaba da neman magani shiru.

9/
Na ce, "Yaya, kada ki damu." Na buɗe folda na sa mata sunan wani kwas da muka yi a aji ɗaya, na cusa ta cikin wata foldar, na danna maɓallin dama, na shiga Properties, na yi alama a Hidden. Folda ta ɓace ɓat. Wallahi a lokacin ji nake ni wani gwani ne. A gabana ta goge na wayarta.

10/
Ga abin da ban sani ba. Hidden ba ta taɓa fayil ɗinka ko kaɗan. 'Yar alama ce kawai da take ce wa Windows kada ta nuna shi a jeri. Duk wanda ya je View ya kunna Hidden items zai gan shi, sai dai kalarsa ta ɗan dusashe. Dannawa biyu ke nan.

11/
Kun san su wa suka fi kowa sanin dannawa biyun nan? Yaran da ke yawo da filashi suna karɓar fim. Saboda ƙwayar cutar nan da ke mayar da komai na cikin filashi shotkot, ainihin aikinta ke nan: ta ɓoye fayilolinka da irin wannan alamar, ta ajiye na bogi a gurbinsu. Duk yaron da fina-finansa suka taɓa ɓacewa ya koyi yadda ake fito da ɓoyayyen abu, dole ta koya masa.

12/
Wani abokin ƙanena, yaro ɗan shekara sha biyar, filashinsa ya kamu. Ya kunna nuna ɓoyayyu a kwamfutata don ya ceto fina-finansa, ya bar shi a kunne. Can yana lalube ya ci karo da folda mai dusasshiyar kala. A kan yaro, folda in an ɓoye ta to akwai abin kallo a ciki. Bai ma buɗe ba, ya kwashe ta gaba ɗaya.

13/
Wato ɓoyewar da na yi ita ta yi masa nuni. Da na bar ta a sarari cikin tarkacen takardun makaranta, ƙila ko kallonta ba zai yi ba.

14/
A shagon caji aka buɗe. Turanci ne na likitoci, yaran ba su gane ba, amma akwai suna a sama, kuma a wurin akwai wanda ya yi makarantar lafiya. Ba sai na ƙarasa muku ba. Wanda ya taɓa zama a ƙaramin gari ya san nisan da ke tsakanin shagon caji da gidan biki.

15/
Kwana tara aka yi kafin ta iso kunnena, ni ne kusan na ƙarshe. Mijin ya ɗauka ita ta baza don ta wanke kanta a idon danginsa. Ta rantse, bai yarda ba. To wa zai yarda? Su biyu ne da likita suka sani.

16/
Ba zan ce foldata ce kaɗai ta kashe auren ba, akwai wasu abubuwan tun kafin nan. Amma kafin a janye yajin aiki Yaya ta dawo ɗakin Umma da kayanta. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Ni na saba da bakin mutane. Shi ka tona wa." Daga nan sai gaisuwa, wata da watanni.

17/
Shi kuwa yaron, an yi masa dukan da har ni na shiga raba. Ban taɓa jin haushinsa sosai ba. Ya shiga ɗakin da babu ƙyaure ne.

18/
Abu na farko da na yi: na sa wa asusuna kalmar sirri, na buɗe wani daban na ce wannan na gida ne. Nawa mai cikakken iko, na gida kuwa na gama-gari, wanda Windows ke kira Standard. Mai irin wannan asusun ba zai iya buɗe foldar wani ba a cikin Users, kuma ba zai girka manhaja ba sai an sa masa kalmar mai iko.

19/
Ranar da ƙanena ya ɗaga murfi ya ga ana tambayarsa kalmar sirri, kai tsaye ya kai ƙara. Umma ta leƙo: "Yau kuma mu ake kulle wa? Mu da muka sayar da raguna?" Na ce, "Umma, ba ku na kulle wa ba, kayan mutane ne a ciki." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Da ka yi tun farko." Ta saki labule.

20/
Na daɗe ina tunanin wannan kunyar kulle da muke da ita. Abin mamaki, mu ne fa masu zaure. Baƙo namiji iyakarsa zaure sai an yi masa iso. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Suratun Nur cewa har yaran gida akwai lokuta uku da sai sun nemi izini kafin su shiga wa iyayensu. Tsarin wa zai shiga ina, mun fi kowa iya shi. Amma da an zo kan waya da kwamfuta sai kulle ya zama zargi.

21/
Na koma kan kwamfutar. Matsalar ita ce yawancin kayana ba a cikin Users suke ba. Wanda ya sayar min ya raba rumbun gida biyu, C da D, ya ce in riƙa ajiya a D saboda ranar fomat. Shi kuwa D a buɗe yake ga kowane asusu. Asusu biyu bai hana ƙanena ganin lissafin Baffa ba.

22/
Nan na koyi shafin Security da ke cikin Properties. Rumbun Windows yana kan wani tsari da ake kira NTFS, wanda yake tun 1993, kuma a cikinsa kowane fayil yana ɗauke da jerin waɗanda aka yarda su karanta, su gyara ko su goge shi. Sai ka yanke gadon izini da foldar ta ɗauko daga sama, ka cire rukunonin gama-gari, ka bar sunanka da na masu iko.

23/
Gargaɗi ga mai gwadawa: kada ka ga Everyone ka danna masa Deny. Kai ma kana cikin Everyone, kuma a Windows hani yana rinjayar izini. Na yi, na kulle kaina waje na tsawon yini guda ina gumi.

24/
Ya yi aiki. Ƙanena ya danna folda, ta ce ba shi da izini. Na ji daɗi har raina. Da aka koma makaranta na nuna wa wani abokin ɗakinmu da ke karanta ilimin kwamfuta, ina taƙama. Ya yi murmushi, ya ce in kashe ta in ba shi minti biyar.

25/
Ya soka filashinsa mai ɗauke da Linux, ya tayar da kwamfutar daga filashin, ko ta kan Windows bai bi ba. Ga foldata, ga komai, ya buɗe lissafin Baffa yana karanto min sunayen masu bashi. Kalmar sirrina ko tambayarsa ba a yi ba.

26/
Ya ce min izinin NTFS tamkar "BA SHIGA" ne da ake rubutawa a bangon gida. Windows ta iya karatu kuma tana da kunya, shi ya sa take tsayawa. Wanda ya hauro ta katanga ba ruwansa da rubutu. Haka in aka zare rumbun aka jona a wata kwamfutar. Haka duk mai asusun iko a kanta zai iya ƙwace mallakar foldar. Kuma da ka kwafe fayil zuwa filashi, wanda galibi FAT32 ne ko exFAT, izinin ba ya bin sa.

27/
Ba ina cewa ba shi da amfani ba ne. Da shi na yi a watan Yuni, da yaron can bai kwashi komai ba. Yana tsare ka daga na gida mai lalube. Ɓarawo da mai gyara ne ba ya tsarewa.

28/
Af, kafin in manta. Akwai wani "folder lock" da ke yawo a YouTube, a ce ka kwafi rubutu a Notepad ka ajiye shi da .bat a ƙarshe. Don Allah ku bari. Sauya wa folda suna yake yi ya ɓoye ta, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin da Notepad zai ga kalmar sirrinka a rubuce ƙuru-ƙuru.

29/
Abin da ke tsare fayil na gaske shi ne a dagula abin da ke cikinsa da lissafi, ta yadda ko an kwashe shi shirme za a gani sai da makulli. Shi ne inkirifshon. Ni ina ce masa kullen lissafi. Na bincika na ga Windows ɗina Pro ce, tana da nata a ciki, EFS, wanda yake tun Windows 2000. Masu Home ba su da shi.

30/
Properties, Advanced, ka yi alama a Encrypt contents to secure data. Shi ke nan. Ɗan hoton kwaɗo ya bayyana a kan fayilolin. Abokina ya sake zuwa da Linux ɗinsa, ya ga sunayen amma ya kasa buɗe ko ɗaya. Ranar na saya masa shayi da ƙwai.

31/
A ranar wani ɗan saƙo ya fito daga ƙasan allo yana cewa in adana kwafin makullin. Na danna "daga baya". Ya sake fitowa, na sake dannawa. Ku riƙe wannan.

32/
Lissafin Baffa yana cikin abin da na kulle. Baffa da littafinsa yake aiki, da ajami, shekara da shekaru. Amma lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ciniki ya koma bashi da tiransifa, lissafi ya yi masa yawa. Sai ya zama duk daren Alhamis ya kira ni a waya ya karanto, ni in shigar. A hankali ya daina rubutawa a littafin. Kusan wata biyar babu komai a takarda.

33/
A watan Agustan 2023 kwamfutar ta ƙi tashi, sai shuɗin allo. Na kai wa wani mai gyara. Ya ce sai fomat, "amma C kawai zan taɓa, D ɗinka lafiya lau." Kuma gaskiya ya faɗa, bai taɓa D ba. Na karɓo ta tana gudu kamar sabuwa. Na buɗe D, ga fayil ɗin Baffa da sunansa da nauyinsa. Na danna. Access denied.

34/
Fayil yana D, amma makullin EFS a cikin asusunka yake zaune, a C. Fomat ya tafi da shi. Ko ka buɗe sabon asusu da suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya, wani makullin daban za a ƙera maka. Na kwana uku ina sauke manhajoji, na ƙona data ta fi ta wata guda. Abokina ya duba ya ce, "Ka tuna ranar da na kasa buɗewa kana murna? To kai ne ni yanzu."

35/
Lokacin kuma ya zo da muni. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Da yawan waɗanda ke da lissafi da Baffa mutanen tsallake ne, wajen Dungas da Magarya, wani lissafin ma da sefa aka yi shi. Ba kowa ke iya zuwa kasuwa ba balle a zauna a tuna.

36/
Na hau mota na je gida na faɗa masa baki da baki, don ba maganar waya ba ce. Na durƙusa na yi bayanin C da D da makulli. Ya saurara har na gama. Ya ce, "To ɗana, yanzu abin yana ciki?" Na ce yana ciki. "Kuma ba ya fitowa?" Na ce ba ya fitowa. Ya ce, "Ikon Allah. Ka yi kwaɗon da ya fi ƙarfin mai gida."

37/
Alhamis uku a jere muna Maigatari, ni da shi da sabon littafi. Daga wannan dillali zuwa wancan, wa ya shaida cinikin bijimin nan, nawa aka bayar, nawa ya rage. A nan na ga abin da ban sani ba: kusan kowane ciniki yana da mutum biyu ko uku da suka riƙe shi a ka. Mun haɗa mafi yawa. Wasu kuwa da suka ji lissafi ya ɓata sai bashinsu ya ragu a bakinsu, Baffa ya san ƙarya ne amma ba shi da abin nunawa.

38/
Abin da ya fi damunsa ba wanda yake bi ba ne, wanda ake bin sa ne. Ya ce in ya mutu da haƙƙin wani a kansa saboda fayil, wa zai tsaya masa? Bayan an buɗe iyaka wani dattijo ya zo daga tsallake da kuɗin awaki huɗu da mu duka mun manta da su. Baffa ya karɓa, ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba.

39/
Da na saurari ɗan saƙon can, minti biyu ne aikin. Windows za ta fitar maka da makullin a wani ƙaramin fayil mai .pfx, ka sa masa kalmar sirri, ka ajiye a filashin da ba ya yawo. Ko ka buɗe cmd ka rubuta cipher /x. Mai amfani da EFS da bai yi wannan ba, ka ajiye wayar nan ka je ka yi, zaren zai jira ka.

40/
Ni dai na bar EFS. A ƙasar da maganin kowace cutar kwamfuta fomat ne, kullen da makullinsa ke cikin C bai dace da ni ba. Yanzu 7-Zip nake amfani da shi. Kyauta ne, wani ɗan Rasha Igor Pavlov ya fitar da shi tun 1999, nauyinsa bai kai na waƙa ɗaya ba.

41/
Maɓallin dama a kan fayil, 7-Zip, Add to archive. Ka bar nau'in a 7z, ka sa kalmar sirri, sannan ka yi alama a Encrypt file names. Wannan na ƙarshen kada ka tsallake shi. In ba haka ba ana iya ganin sunayen abin da ke ciki, kuma fayil mai suna "sakamakon gwajin wane" ya riga ya gama magana ko ba a buɗe shi ba.

42/
Lissafin da yake kullewa da shi AES-256 ne. Wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro shi, Amurka ta ɗauke shi a matsayin ma'auni a 2001. Abin da ya fi burge ni: kullen yana jikin fayil ɗin. Ka sa a filashi, ka tura a WhatsApp, ka ɗora a Google Drive, a yi fomat sau goma, yana nan a kulle kuma kalmarka za ta buɗe shi.

43/
Amma fa 7-Zip kwafi yake kullewa, na asali yana nan a buɗe sai ka goge shi. Gogewar ma ba ta cika ba, don akwai manhajoji irin su Recuva da ke dawo da abin da aka goge muddin ba a rubuta wani abu a gurbinsa ba. cipher /w yana bi ya shafe gurbin da babu komai. Sannan ka tuna ta ina fayil ɗin ya zo maka. In ta WhatsApp ne, kwafi yana wayarka, wani yana wayar mai turowa.

44/
Na Word da Excel ya fi sauƙi: File, Info, Protect, Encrypt with Password. Wannan kullen lissafi ne na gaske, in ka manta kalmar ko Microsoft ba za ta buɗe maka ba. Kada ka haɗa shi da Protect Sheet, wanda hana gyara kawai yake yi, kowa na iya karantawa.

45/
Duk ƙarfin AES, in kalmar sirrinka lambar wayarka ce ko sunan budurwarka da shekarar haihuwa, aikin banza ne. Ba lissafin za a fasa ba, kai za a canka. Ni kalmomin Hausa biyar nake haɗawa waɗanda babu abin da ya haɗa su, dogo amma mai zama a ka.

46/
Masu cewa su BitLocker suke da shi: yana da kyau, rumbun gaba ɗaya yake kullewa, ɓarawo da mai filashin Linux sun tashi a banza. Ku dai adana lambobin ceto guda 48 ɗin a wajen kwamfutar. Amma da zarar ka shiga asusunka komai a buɗe yake ga duk wanda ya zauna a kujerarka. Za ka tashi alwala? Maɓallin Windows da L. Sakan ɗaya ne.

47/
A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Abu ne mai kyau, amma bankuna da kamfanoni da ma'aikatu ta fi fuskanta. Babu jami'in da zai zo Sule Tankarkar ya duba yadda na ajiye NIN ɗin maƙwabciyarmu. Ɗalibin da ke cike wa unguwa fom ya tara bayanan mutane fiye da wani ƙaramin ofishi, kuma babu mai sa masa ido sai shi. Yanzu da na gama cike wa mutum fom nake goge nasa a gabansa.

48/
Saura tambayar Baffa: in na mutu fa? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take da kafa shaidu, don kada haƙƙi ya dogara da mutum ɗaya. Ni kuwa na mayar da lissafin mutane da yawa ya dogara da kaina da rumbun C.

49/
Yanzu lissafin yana Excel a kulle, kwafi yana filashi, duk ƙarshen wata ina bugawa a takarda in aika masa. Kalmar sirrin na rubuta ta da ajami, tana cikin adakar Umma, babban ɗan Baffa ya san inda take. Baffa kuma ya koma littafinsa, ya ce kwamfuta ta zama mataimakiya, ba uwar gida ba.

50/
Yaya kuwa, da ƙaramar sallar da ta wuce ta same ni a zaure. Tana neman shiga kwalejin ilimi ta Gumel, ga takardunta na makaranta, ga ta kotu, ga wasu da ban tambaya ba. Ta ce, "An ce yanzu ka iya." Wannan ce doguwar maganar farko da ta yi min tun 2022.

51/
Na haɗa su a 7-Zip, na yi alamar ɓoye sunaye, da aka zo wurin kalmar sirri na juya mata kwamfutar. Na ce ta sa abin da ita kaɗai ta sani, mai tsawo, sau biyu. Na fita ƙofar gida na tsaya. Ina jiyo ta tana dannawa da yatsa ɗaya, a hankali, ta goge ta sake.

52/
Ta kira ni na shigo. Muka gwada, ta buɗe, muka rufe. Na goge na asali a gabanta, na shafe gurbin, na sa mata kwafi a filashinta. Na ce, "Yaya, kin rubuta kalmar a wani wuri? In kika manta ba ni da yadda zan yi." Ta ɗaure filashin a bakin mayafi ta ce, "Ba ruwanka."

53/
Fayil ɗin yana nan a D, a sarari, ban ɓoye shi ba. Sunansa yaya.7z. Ƙanena ya taɓa tambayata me ke ciki, na ce ya je ya tambaye ta.